Faifan Ko-ta-kwana: A Kashe, A Zare, A Adana

Masu iya magana sun ce don tuwon gobe ake wanke tukunya. Amma ba mu taɓa jin an ce a bar tukunyar ta kwana a kan murhu wuta na ci a ƙarƙashinta ba, alhali kuwa babu abin da ake dafawa. To, abin da da yawa daga cikinmu ke yi ke nan da faya-fayan ajiyarmu na kwamfuta.

Duk wanda ya bi babban titin Nima ko lungunan Maamobi da daddare, bayan masu shaguna sun kulle sun tafi gida, in ya leƙa tagar mai ɗaukar hoto ko mai buga takardu, sau da yawa zai hango wata 'yar fitila tana ƙyalli a kan tebur. Fitilar nan ta faifan ajiya ce, wanda samarinmu na kwamfuta ke kira had-diraif. Mai shi ya yi barci, unguwa ta yi tsit, shi kuwa faifan yana can yana ta juyawa, yana shan wuta, yana tsufa, ba tare da an ɗora masa ko hoto ɗaya ba.

Abin da ke cikin waɗannan faya-fayai ba abin wasa ba ne. A cikinsu ne bidiyon aurenmu da sunan 'ya'yanmu yake, da na saukar karatu da maulidi, da tafsirin azumi na malaman da wasunsu sun riga mu gidan gaskiya, da rajistar makarantu, da lissafin ƙungiyoyi, da hotunan iyayen da ba za a sake ɗaukarsu ba. Mai hankali ba ya barin irin wannan kaya a faifai ɗaya. Yakan sayi na biyu ya kwafe komai a ciki, watau faifan ko-ta-kwana, domin ranar da na farko ya ƙi tashi. A kan wannan faifai na biyu muke son mu yi magana, kuma maganar ɗaya ce: faifan ko-ta-kwana ba a jone yake zama ba. In ya gama karɓar kayansa a kashe shi, a zare shi, a adana.

ABIN DA KE CIKIN AKWATIN

Kafin mu yi nisa, ya kamata mai karatu ya san abin da ke gudana cikin ɗan akwatin nan. A cikinsa akwai wasu faranti masu santsi kamar madubi, an shafe su da sinadarin maganaɗisu, kuma wani ɗan inji ne ke juya su. Yawancin waɗanda muke saye suna juyawa sau 5,400 ko sau 7,200 a cikin minti ɗaya. A samansu akwai wani ɗan hannu mai tsinin karatu da rubutu, wanda ba ya taɓa farantin, iskar juyawar ce ke ɗauke da shi, kuma ratar da ke tsakaninsu ta fi silin gashi siranta sau dubbai.

Mu ɗauki mai juyawa sau 7,200. A daƙiƙa ɗaya ya zagaya sau 120. A yini da kwana ɗaya ya zagaya fiye da sau miliyan 10. Wannan juyawa kuwa ba ta jiran a ba shi aiki. Muddin yana kunne kuma ba a kwantar da shi ba, haka zai yi ta yi.

Masu ƙera shi ma ba don haka suka yi irin namu na gida ba. Alal misali, kamfanin Seagate ya rubuta a takardar bayanin faifansa na teburi mai suna BarraCuda cewa an yi lissafinsa ne a kan awa 2,400 na aiki a shekara, watau kimanin awa shida da rabi a kullum. Shekara kuwa awa 8,760 ce. Ashe ke nan wanda ya bar shi kunne dare da rana yana ɗora masa fiye da ninki uku na abin da aka ƙera shi dominsa. Akwai faya-fayan da aka yi musamman domin aikin dare da rana, amma sun fi tsada, kuma ba su ne suka fi yawa a shagunanmu ba.

Bugu da ƙari, da yawa daga cikin faya-fayan da muke saye a Circle da sauran kasuwannin kayan kwamfuta na hannu ne, sun riga sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin su iso tashar jiragen ruwa ta Tema. Tsohon doki ne muka saya, sa'an nan muka hana shi kwanciya.

LISSAFIN MITA

Yanzu bari mu koma kan aljihu. Babban faifan teburi, in yana juyawa ba aiki, yakan ja wutar da ta kai kamar wat 5, wani ya ɗan fi, wani ya ɗan gaza. In an kwantar da shi ya daina juyawa, abin da yake ja ba ya kai wat 1. In an zare shi daga soket kuwa, babu ko ɗigo.

Wat 5 a awa 24 ya zama wat-awa 120. A wata guda yunit 3.6 ke nan na mita, a shekara kusan yunit 44. Wani zai ce ai wannan ba komai ba ne, kuma gaskiya ne faifai ɗaya ba zai talauta kowa ba. Amma mai ɗaukar bidiyon biki ba faifai ɗaya gare shi ba. In guda huɗu ne a jone, ya haura yunit 14 a wata, kimanin 175 a shekara. Sa'an nan sau da yawa ba faifan kaɗai ke kwana kunne ba, har da kwamfutar da aka jona shi. In tsohuwar kwamfutar teburi ce mai jan wat 50, ita kaɗai za ta lashe yunit 36 a wata.

Domin mu gane girman wannan adadi, sai mu tuna cewa a shekarar 2022 hukumar PURC mai tsara farashin wuta da ruwa ta sa iyakar wutar rangwame ta masu ƙaramin ƙarfi a kan yunit 30 a wata. Watau kwamfutar da aka bari tana gadin faifan da ba ya aikin komai ta ci fiye da abin da aka ƙiyasta wa gidan talaka na wata guda.

Mu mazauna Zango mun san abin da wannan ke nufi. Yawancinmu a gidajen haya muke, ɗakuna da yawa, mita ɗaya. Ana raba kuɗin wuta bisa yawan ƙwan fitila da fanka da firji da dutsen guga na kowane ɗaki. Ba a cika ƙirga ɗan akwatin da ke ƙarƙashin tebur ba, don ba ya ƙara, ba ya haskaka ɗaki. Amma mita tana ƙirga shi, kuma ran da kuɗin mita ya ƙare tsakar dare, tsohuwar da ke da ƙwan fitila ɗaya tana cikin waɗanda suka biya masa. Wannan magana ce ta haƙƙin maƙwabci.

Ƙasar nan ta taɓa ganin amfanin tattara ƙananan abubuwa. A shekarar 2007, lokacin da ruwa ya ja baya a madatsar Akosombo aka shiga rabon wuta, gwamnati ta raba ƙwan fitila masu tsimin wuta miliyan 6 domin maye gurbin masu zafi. Ƙwai ɗaya ba komai ba ne, amma da aka haɗa su sai da nauyin da ke kan tashoshin wuta ya ragu.

ABIN DA YA CI DOMA

Duk da haka, tsimin wuta shi ne ƙaramar ribar zare faifai. Babbar ribar ita ce tsira.

Ba sai an ba mu labarin dumsor ba. An yi rabon wuta a 1983 zuwa 1984, an yi a 1998, an yi a 2006 zuwa 2007, duk saboda ƙarancin ruwa a Akosombo. A watan Agusta na 2012 ƙarfen tsayar da wani jirgin ruwa ya fasa bututun gas da ke tahowa daga Nijeriya a gaɓar tekun Togo, aka shiga wahalar da ta yi ta ja har ta kai ƙololuwa a 2015, inda gidaje kan yi awa 24 babu wuta, su samu ta awa 12. A farkon 2024 ma an sake ɗanɗanawa. Ɗauke wuta ba sanarwa na iya katse faifai yana tsakar rubutu, ya lalata abin da yake rubutawa. Dawowarta da ƙarfi kuma na iya ƙona 'yar tukunyar wutar faifan ko allon da ke jikinsa. Haka nan tsawa a lokacin damina.

To, a nan gizo ke saƙa. In faifan aiki da faifan ko-ta-kwana duk a soket ɗaya suke, wutar da ta ƙona wannan ita za ta ƙona wancan. Abin da ya ci Doma ba ya barin Awe. Mutum yana zaton kwafi biyu gare shi, ashe a gaban wuta ɗaya ne.

Haka abin yake game da cutar kwamfuta. Shagunan buga takardu da na tura finafinai da waƙoƙi kullum suna karɓar filashi da memori daga hannun jama'a, kuma ta nan cuta ke shiga. Akwai ma irin wadda kan kulle dukan abin da ke cikin na'ura ta nemi kuɗin fansa, kamar WannaCry da ta bazu a ƙasashe kusan 150 a watan Mayu na 2017, har ta tsayar da aiki a asibitocin Ingila. Irin wannan cuta kan bi faya-fayan da ta tarar a jone. Wanda ke kwance cikin durowa kuwa ba ta da hanyar isa gare shi. Kuskuren hannu ma haka: yaron shago da ya zo share faifan abokin ciniki ya zaɓi na maigida, ba zai iya share abin da ba ya jone ba.

KASHEWA MA DA LADABINTA

Kada mai karatu ya ɗauka cewa muna nufin a riƙa kunnawa ana kashewa kamar fitilar banɗaki. Lokacin tashi shi ne lokacin da faifai ya fi shan wuya, domin injin yakan ja wuta mai yawa kafin farantan su kai gudunsu, ƙarfe ya ɗumama ya miƙe, in an kashe ya huce ya tsuke. Haka kuma ɗan hannun nan yana da iyakar sau nawa zai koma mazauninsa ya fito. A yawancin faya-fayan teburi masu ƙera su kan sa adadin a kan sau 300,000.

An taɓa ganin illar wuce gona da iri. Kamfanin Western Digital ya fitar da wasu faya-fayai masu tsimin wuta da ya kira Green, waɗanda hannunsu kan koma mazauninsa in an yi daƙiƙa 8 kacal ba aiki. A wasu na'urori sai ya zamana yana shiga yana fita yini guda, har masu su suka riƙa ganin ƙidayar ta haura dubban ɗaruruwa tun faifan bai tsufa ba.

A shekarar 2007 kuma wasu injiniyoyi uku na kamfanin Google, watau Eduardo Pinheiro da Wolf-Dietrich Weber da Luiz André Barroso, suka fitar da sakamakon binciken da suka yi kan faya-fayai fiye da 100,000. Ba su ga alaƙa mai ƙarfi tsakanin yawan aiki ko matsakaicin zafi da mutuwar faifai ba, saɓanin abin da aka zata. Sun kuma ga cewa a cikin waɗanda suka kai shekara uku zuwa sama, waɗanda aka fi kashewa da kunnawa sun ɗan fi saurin mutuwa. Sai dai mu tuna nasu faya-fayan suna cikin ɗakuna masu sanyi ne da wutar da ba ta yankewa, ba cikin shagon kwantena a zafin watan Maris ba.

Saboda haka ƙa'idar ita ce: faifan da ake aiki da shi yini guda a bar shi kunne har a tashi aiki. Wanda ake taɓawa jifa-jifa a bar kwamfuta ta kwantar da shi da kanta. A sashen tsarin wuta na Windows akwai wurin da ake sa mintunan da faifai zai yi ba aiki kafin ya kwanta, yakan zo a kan minti 20, kuma babu dalilin mayar da shi minti ɗaya ko biyu. Na ko-ta-kwana kuwa, wanda ake buƙata sau ɗaya a mako, kunnawa 52 ke nan a shekara. Wannan ba ta kai ta gajiyar da shi ba, kuma in awa biyu yake yi kowane mako, awa 104 ya yi a shekara maimakon 8,760.

BARCI BA MANTUWA BA

Akwai kuma ɗaya gefen. Faifan da aka jefa cikin akwati aka manta da shi shekara da shekaru, shi ma yana iya ƙin tashi. A shekarar 2024 kamfanin Iron Mountain, mai adana kayan tarihi na manyan kamfanonin waƙa a Amurka, ya bayyana cewa kimanin kashi ɗaya cikin biyar na faya-fayan shekarun 1990 da aka kawo masa ba sa karantuwa, ko da yake a ido lafiyarsu ƙalau. Filashi da memori da sabon nau'in nan marar faranti da ake kira SSD su ma ba su tsira ba, domin su da ɗan cajin lantarki suke riƙe bayani, kuma cajin kan zurare a hankali in sun daɗe ba wuta, musamman a wuri mai zafi. Ba su dace da ajiyar shekaru ba.

Don haka duk bayan 'yan watanni a fito da faifan, a jona, a buɗe wasu hotuna da bidiyo na da da na yanzu a tabbatar suna buɗuwa. Akwai manhajar kyauta mai suna CrystalDiskInfo da ke nuna awa nawa faifai ya yi yana aiki, sau nawa aka kunna shi, da ko ya fara samun tabo. Mai sayen na hannu ya nemi a nuna masa wannan kafin ya biya. In ta nuna gargaɗi, ko aka ji faifai na ƙas-ƙas, a kwashe kaya nan take. Amma kada a saki jiki don ta ce lafiya, domin binciken Google ɗin nan ya nuna fiye da rabin faya-fayan da suka mutu ba su nuna manyan alamun gargaɗin ba kafin su mutu.

YADDA ZA A YI

A ware rana ɗaya a mako domin kwafi; mai aikin biki ya yi nasa da zarar ya dawo daga ɗauka, kafin ya share memorin kyamara. Kada a fara in wuta na rawa ko hadari ya haɗo. Mai hali ya jona ta batirin nan na UPS, ko ya yi amfani da kwamfutar tafi-da-gidanka mai cikakken caji da ƙaramin faifan da ke shan wuta daga jikinta.

In an gama, a umarci kwamfuta ta sallami faifan tukuna, a jira ya daina juyawa, sa'an nan a zare waya biyun, ta bayani da ta wuta. Kashe makunnin soket kaɗai bai wadatar ba muddin ɗaya wayar na jikin kwamfuta. Kada a ɗaga shi ko a gusar da shi yana juyawa.

A bar shi ya huce, a sa shi cikin leda ko roba mai murfi tare da 'yan ƙunshin nan masu shan laima da ake samu cikin kwalin sabon takalmi, domin iskar bakin teku ta Accra da ƙurar hunturu duk maƙiyansa ne. A rubuta kwanan watan kwafin ƙarshe a jikinsa. A ajiye shi a sama, ba a ƙarƙashin gado ba. Waɗanda ke zaune kusa da babbar kwatar da ta ratsa tsakanin Nima da Maamobi sun san dalili, kuma babu wanda ya manta daren 3 ga Yuni, 2015, da ambaliya da gobara suka haɗu a Circle aka rasa rayuka fiye da 150, dukiya kuwa ba a magana.

Wani mai ɗaukar hoto Ba'amurke, Peter Krogh, ya yaɗa wata ƙa'ida mai sauƙin riƙewa da ake kira 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri dabam. A wurinmu wannan na iya zama faifai guda a shago, guda a gida, ko a wurin ɗan'uwa a Madina ko Ashaiman. Ran da faifai ya tsufa kuma, kada a miƙa wa masu sayen tsofaffin ƙarafa sai an goge shi sarai ko an fasa farantansa, domin sirrin mutane ne a ciki.

DARASIN MAGABATA

Wannan dabara ba baƙuwa ba ce a Zango. Alhaji Umaru na Kete Krachi, wanda aka haifa a Kano, ya zauna a Salaga, ya rasu a 1934, ya bar rubuce-rubuce da Larabci da Hausa waɗanda har yau ake karantawa. Sun iso gare mu ne don almajirai sun kwafa da hannu, kwafin ya bazu gari-gari, aka adana cikin gafaka da adaka, ana fitowa da su lokaci-lokaci ana kaɗe ƙura ana duba ko gara ta shiga. A shekarun 1960 kuma Cibiyar Nazarin Afirka ta Jami'ar Gana da ke Legon ta bi malamai tana aron littattafansu, ta ɗauki hotonsu, ta mayar musu da kayansu. Kwafi a wurare da yawa, ajiya a inda ba a taɓawa kullum, da dubawa a kai a kai: abin da muke kira a yi wa faifai ke nan.

Saboda haka muna kira ga masu ɗaukar hoto da bidiyo, da masu shagunan buga takardu, da sakatarorin makarantu da ƙungiyoyi, da duk mai riƙe da amanar tarihin wani gida: yau da daddare kafin a ja ƙofa, a dubi teburin nan. In 'yar fitilar na ƙyalli kuma babu aikin da faifan ke yi, a sallame shi, a zare, a sa a durowa. Mita za ta huta, maƙwabci zai huta, kuma ran da jikoki suka nemi ganin fuskar kakarsu ranar aurenta, za a sami abin nuna musu. Allah Ya sa mu dace.